Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Yadda Baƙo Ke Samun Gona A Pusiga, Yendi Da Salaga

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bin motar albasa daga Galmi zuwa Kumasi ko Akra, ko ya rako dabbobi daga kasuwannin Barkina Faso zuwa kudancin Gana, ya san Kulungugu, ya san Pulimakom, ya kuma san hanyoyin da suka ratsa gundumar Pusiga suka haɗe a Misiga suka faɗa Bawku. Mafi yawan mutanenmu wucewa kawai suke yi, su sauke kaya, su karɓi kuɗi, su juya. Amma akwai waɗanda idonsu kan tsaya a kan fadamu da gonakin dawa na bakin hanya, su ce a ransu, ina ma mutum ya samu eka biyu ko uku a nan, ya kawo iyali, ya riƙa taɓa noma yana taɓa kasuwa.

Irin wannan tunani yakan ƙaru duk lokacin da kan iyaka ya rikice. Mai karatu zai tuna abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe iyakoki, motocin albasa suka yi cirko-cirko a hanya, kaya suka ruɓe, farashi ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Gana. Wanda duk dukiyarsa ke kan mota ya kwana da zullumi, wanda kuwa ke da rumbu a bayan gida ya samu abin jingina.

To, amma ta yaya baƙo ke samun gona a wannan yanki? Mun duba tarihin fatakenmu na da, mun duba al'adar masu ƙasar, mun kuma duba dokokin Gana na yau, sai muka tarar duk magana ɗaya suke yi. A arewacin Gana ba a sayen gona kamar yadda ake sayen buhun masara. Roƙonta ake yi, kuma ba a roƙo sai da ɗan gari a gaba. Saboda haka wanda ke neman gona, sai ya fara neman maigida.

Pusiga, mahaɗar ƙasa uku

Pusiga tana ƙuryar arewa maso gabashin Gana, Barkina Faso na arewa da ita, Togo na gabas. Da a ƙarƙashin Bawku take, sai a 2012 aka yanke ta aka mayar da ita gunduma mai cin gashin kanta. Ta Kulungugu ake fita zuwa Bitu da Tenkodogo, ta Pulimakom kuma ake shiga Sinkase, babbar kasuwar nan ta kan iyakar Togo. A Kulungugu ne aka jefa wa Shugaba Kwame Nkrumah bam ranar 1 ga Agustan 1962, yana kan hanyar dawowa daga ganawa da Shugaba Maurice Yameogo.

Garin ƙarami ne, amma yana da girma a tarihi. A nan ne Naa Gbewaa ya kafa mulkinsa, kuma daga zuriyarsa ne sarautun Mamprusi da Dagomba da Nanumba da Mosi suka fito. Tarihin baka na waɗannan al'ummu ya ce kakansa, Tohazie, wato jan maharbi, daga gabas ya fito, ya biyo ta ƙasar Zamfara. Har yau wurin da ake dangantawa da Gbewaa yana nan a Pusiga, kuma sunansa aka sa wa kwalejin horon malamai ta garin. Ke nan alaƙar wannan ƙasa da ƙasar Hausa ta daɗe ƙwarai.

Mazauna gundumar sun haɗa da Kusasi da Bisa da Mosi da Mamprusi da Bimoba da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce harshen ciniki a kasuwannin yankin, waɗanda akasarinsu ke ci bayan kwana uku-uku. Wannan sauƙi ne ga mutuminmu, amma a cikinsa akwai tarko. Jin Hausa a bakin kowa kan sa baƙo ya ɗauka gida yake, alhali dokar ƙasa a nan dabam take da ta Katsina ko Maraɗi.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ƙasa ta yi ƙaranci a Pusiga da kewayen Bawku. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen gundumar Pusiga sun kai kimanin dubu 80 a ɗan ƙaramin fili. Tsarin zaman ƙauyukan kuwa shi ne kowane gida yana tsakiyar gonarsa, gonar wannan ta haɗe da ta wancan, babu wani dajin da ba shi da mai shi. Damina ɗaya ce a shekara, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Oktoba, ana shuka gero da dawa da masara da gyaɗa da wake da waken suya da dankali, ana huɗa da garmar shanu. Da rani kuma sai a koma bakin kogin Farin Volta da rassansa da ƙananan madatsun ruwa, inda ake noman jar albasar nan ta Bawku da tumatir da barkono. Baƙon da zai samu wuri a nan, galibi ɗan fegin lambu zai samu na rani ɗaya, ba makekiyar gona ba.

Wa ke da ƙasa?

Kimanin kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana a hannun sarakuna da zuriyoyi take, ba a hannun gwamnati ba. A kudu sarakuna kan kujera suke zama, a arewa kuwa kan buzu, shi ya sa doka ke kiran filayen sarautun arewa ƙasar buzu. Turawan mulkin mallaka sun taɓa karɓe filayen arewa suka sa a ƙarƙashin Gwamna, sai tsarin mulkin 1979 ya mayar da su ga masu su na asali, na 1992 ya ƙara tabbatar da haka. Sai dai tambayar su wane ne masu su na asalin ita ce ta haifar da shari'u da rigingimu masu yawa tun daga lokacin.

A ƙasar Kusasi da maƙwabtanta akwai wanda ake kira tindana, ma'ana mai ƙasa. Shi jikan waɗanda suka fara saran dajin wurin ne, shi ke kula da al'adun ƙasa, shi ya san inda iyakar kowace zuriya ta tsaya. Sarki kuwa mutane yake mulki. Sannan gonakin da ake nomawa yau da gobe suna hannun manyan gidaje, babban gida shi ke raba wa 'ya'ya da ƙanne. Ƙofa uku ke nan: babban gida, da tindana, da sarki. Baƙon da ya shiga ta ɗaya ya manta da biyun, wata rana zai ji sallama a bakin gonarsa.

A ƙasar Dagomba da ta Gwanja lissafin ya ɗan sauya, domin a can sarakuna sun fi ƙarfi a kan ƙasa. Sarkin ƙauye ke ba da gona, shi kuma yana ƙarƙashin na sama da shi, har a kai ga Ya Na a Yendi. Salaga kuwa tana ƙarƙashin sarautar Kpembe, wadda ke cikin masarautar Gwanja.

Yadda ake roƙon kusan iri ɗaya ne ko'ina. Baƙo ba ya zuwa shi kaɗai, kuma ba shi ke magana ba. Maigidansa ke gabatar da shi, a kai goro da ɗan abin da ake kira kuɗin goro, a wasu wuraren a haɗa da kaza ko zabo. Musulmin da ya ji nauyin wani ɓangare na al'adar sai ya tambayi limamin zangon garin yadda magabata suka saba bi, domin ba shi ne Musulmin farko da ya roƙi gona a wurin ba. In an yarda, sai a tura wanda zai zaga da shi ya nuna masa iyaka. Bayan girbi kuma yakan kai wa mai gonar kwando ko buhu, gwargwadon abin da Allah Ya hore. Wannan ɗan hasafi shi ke shaida cewa baƙo bai manta gonar ba tasa ba ce. A wuraren da ke kusa da gari da kuma lambunan rani, kuɗin haya na shekara ya fara maye gurbin kwandon hatsi, amma gaisuwar tana nan daram.

Akwai ƙa'idoji biyu da suka shafi itatuwa, kuma a kansu baƙi da yawa suka rasa gona. Kaɗanya da ɗorawar da ka tarar a gona ba naka ba ne. 'Ya'yan kaɗe na matan gidan mai gona ne, ɗorawa kuwa a ƙasar Dagomba har mai sarautarta gare ta. Wanda ya sare su don gawayi ko don tarakta ta samu hanya ya ɗauko wa kansa magana. Haka nan dasa mangwaro ko yazawa ba da izini ba, a wurinsu alama ce ta mai son ya ce ƙasar tasa ce, domin itace ya fi yarjejeniyar shekara ɗaya tsawon rai.

Darasin fataken Gwanja

Wannan al'amari na maigida ba baƙo ba ne a wurinmu, kakanninmu da shi suka ci kasuwar goro. A ƙarni na 19 ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, su ƙetare Kwara, su bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango, su sauka Yendi, su ƙarasa Salaga. Tafiyar watanni ce. Sukan kai kanwa da tufafi da kayan fata da dabbobi, su sayo goron da ake kawowa daga dajin Tonawa, wato Ashanti. Duk inda ayari ya yada zango, a hankali sai wurin ya zama unguwa, kuma daga nan ne kalmar zango ta zama sunan unguwannin baƙi Musulmi a duk faɗin Gana.

Falke in ya isa Salaga ba kasuwa yake fara nufa ba, gidan maigidansa yake sauka. Maigida ke ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in za a ba da bashi, ya kai shi gaban sarki in magana ta taso. Shi maigidan kuwa yawanci tsohon baƙo ne da ya daɗe, ya ji harshen gari, ya yi aure, ya san fada. Falken da ya yanke shawarar zama, ta hannun maigidan nan yake samun fegin gini da gonar da zai ciyar da gidansa.

Salaga ta kuma koya mana yadda zama ke ƙarewa. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Tonawa a kan Salaga ya karye, hanyar goro ta fara kaucewa. A 1892 kuma yaƙin sarauta ya ɓarke tsakanin gidajen Kpembe, garin ya watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da sauran wurare. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, wanda ya zama limamin Kete-Krachi, ya rasu a can a 1934. Gida da rijiya da gona ba sa ɗaukuwa a kai. Abin da waɗannan bayin Allah suka tafi da shi shi ne sanayya da amana, da su suka sake kafa zama a sabon wuri.

Yendi da Salaga: ƙasa a yalwace, amma a yi hattara

Mai son gona babba sai ya gangara kudu da Bawku, ya nufi wajen Yendi da Salaga. A can mutane ba su yi cunkoso ba, ruwan sama ya fi yawa, ana noman doya da masara da rogo da waken suya, ga kuma shinkafa a kwarin Katanga da ke kusa da Salaga. Da tarakta ake yawan yin huɗa, kuma samun ta a kan lokaci shi ma sai da sanayya, domin in ruwa ya sauka kowa nema yake yi.

Yendi ta daɗe da sanin Bahaushe. Tun zamanin Naa Zanjina, wajen shekarar 1700, Musulunci ya samu gindin zama a fadar Dagomba, malamai daga ƙasar Hausa suka zauna, aka ba su matsayi. Wanda ya kasa kunne zai ji kalmomi irin su alaafee da lahabali da asiba a bakin Dagomba, ya gane lafiya da labari da asuba ne. Duk da haka, a fadar sarkin ƙauye ba a yi wa sarki magana kai tsaye, akwai mai isar da magana, akwai yadda ake durƙusawa a gaisa. Maigida ne zai koya wa baƙo waɗannan tun kafin a shiga.

Yalwar ƙasa ba ta nufin babu rigima a kanta. A watan Fabrairun 1994 aka yi yaƙin da ake kira Yaƙin Zabo, wanda ya taso daga gardamar cinikin zabo a kasuwar Nakpayili kusa da Bimbila, ya haɗa Konkomba a gefe ɗaya da Nanumba da Dagomba da Gwanja a ɗaya gefen. Mutum kusan 2,000 aka ce sun mutu, ƙauyuka masu yawa suka ƙone. Zabo dalili ne kawai, asalin maganar ita ce wa ke da ƙasa, wa kuma ke da ikon naɗa sarki. A Yendi kanta, rikicin gidan Abudu da gidan Andani ya kai ga kisan Ya Na Yakubu Andani na II a watan Maris na 2002, kuma sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya Na. A tsawon waɗannan shekaru, wasu ƙauyuka sun zauna da masu riƙon ƙwarya ko masu jayayyar sarauta. Don haka kafin baƙo ya miƙa goro, ya tabbatar wanda zai karɓa shi ne jama'ar wurin suka sani, kuma babu wani da ke noman filin tun kaka da kakanni ko da ba shi da sarauta.

Abin da doka ta ce

Goro yana da muhimmanci, amma ba ya maye gurbin takarda. Sashe na 266 na tsarin mulkin Gana na 1992 ya hana wanda ba ɗan ƙasa ba mallakar fili mallaka ta har abada. Iyakar abin da zai samu shi ne haya, kuma ba za ta wuce shekara 50 a lokaci guda ba. Dokar Filaye ta 2020 ta maimaita wannan, ta kuma hana sayar da ƙasar sarauta ko ta zuriya sayarwa ta dindindin ga kowa, ko da ɗan ƙasa ne. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da gona halak-malak, ko dai bai san doka ba, ko kuwa ya san ba ka san ta ba.

Dokar ta 2020 ta amince da bayarwar baka irin ta al'ada, ta kuma tanadi hanyar da za a rubuta ta a ajiye a ofishin filaye na masarauta. In kuwa haya ce ta shekaru masu yawa, sai an kira safiyo ya auna ya fitar da taswira, a rubuta yarjejeniya, a je Hukumar Filaye a bincika ko an riga an ba wani wurin, sannan a yi rajista. Wanda zai haƙa rijiya, ko ya sayi injin ban ruwa, ko ya gina ɗaki, bai kamata ya zuba kuɗinsa a kan maganar baka ba. Sau da yawa baƙo kan karɓi gonar da ta gaji, ya zuba mata taki shekara biyu, ranar da ta farfaɗo sai a ce ɗan mai gona ya dawo daga kudu yana bukatar abinsa. In ba a faɗi adadin shekaru a gaban shaidu ba, ba shi da ta cewa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sai maganar zaman kansa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza ya yi kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama a hukumar shige da fice, ya kuma yanki katin shaida na baƙi, wanda ake nema wajen buɗe asusun banki da rajistar layin waya. Nijar da Barkina Faso da Mali sun fice daga ƙungiyar a ƙarshen Janairun 2025, kuma a lokacin ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanensu har sai an ji sabon umurni. Mutumin Nijar da ke shirin zama, ya tambayi jami'an kan iyaka matsayin da ake ciki a ranar da zai shiga.

Kada wani ya ce ai kowa ya san ni, takarda ta mece ce. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dubun-dubatar mutanen Nijeriya da Nijar da sauran maƙwabta suka fita, wasunsu a can aka haife su, suka bar gidaje da gonaki ko suka sayar da su a wulaƙance. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, cikinsu har da mutanen Gana kusan miliyan ɗaya. Ta fuskar ciniki kuma, dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe sayar da kaya a kasuwa da talla da ƙaramin tireda ga 'yan ƙasa kaɗai, kuma da ita aka kafa hujja wajen rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akra a 2019 da 2020. Mai shirin haɗa noma da kasa kaya a kasuwa ya nemi shawarar lauya tun da wuri.

Bawku: faɗan da ba naka ba

Ba za a yi maganar zama a Pusiga ba tare da an taɓo rikicin Bawku ba. Jayayya ce tsakanin Kusasi da Mamprusi a kan sarautar garin, tun 1957. Gwamnatin Nkrumah ta ba Kusasi gaskiya a 1958, sojojin da suka kifar da shi a 1966 suka mayar wa Mamprusi, gwamnatin Rawlings ta sake juya al'amarin a 1983. An zubar da jini a 2000 da 2001, da 2007 zuwa 2008, wuta ta sake tashi a Nuwamban 2021, ta ƙara ruruwa a Oktoban 2024. An sha sa dokar hana fita, an taɓa hana maza hawa babur, an tare motoci a hanya, 'yan kasuwa da ma'aikata da yawa suka ƙaura. A 2025 Sarkin Ashanti, Otumfuo Osei Tutu na II, ya jagoranci zaman sulhu a fadarsa da ke Kumasi.

Ba mu da hurumin cewa wane ke da gaskiya. Abin da ya shafi mai neman gona shi ne, a irin wannan wuri gidan da ka sauka da hannun da ya ba ka fili suna iya sa a lissafa ka a wani ɓangare ba da saninka ba. Ya kamata maigida ya zama mutumin da ke gaisawa da kowa. Baƙo ya kame bakinsa a majalisa da cikin mota, kada ya ba da gudummawar da bai san inda za ta ba, kada ya ɗauki saƙon da bai ga abin da ke ciki ba.

Ga kuma matsalar 'yan bindiga a ƙetaren iyaka, cikin Barkina Faso, wadda ta koro dubban mutane zuwa ƙauyukan wannan yanki. Jami'an tsaron Gana sun sa ido sosai a kan sababbin fuskoki, har a watan Yulin 2023 aka mayar da ɗaruruwan mutane Barkina Faso, akasarinsu Fulani, abin da ya sa hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwa. A yanayi irin wannan, wanda ba shi da mai cewa na san shi, ni na sauke shi, yana cikin haɗari ko da zuciyarsa fara ce.

Shawararmu ga mai niyya

Da farko, kada a kwashi iyali a tafi a karon farko. A fara da kasuwa. Dillalin da ka shekara kana sauke wa kaya, wanda ka gwada shi da kuɗi ya gwada ka da bashi, shi ne ya fi cancanta ya zama maigidanka ko ya nuna maka wanda zai zama. Ta hannunsa za ka gaida sarkin zango da limami, su kuma su kai ka ga sarkin gari da wakilin unguwa a majalisar gunduma, wanda mutanen can ke kira asambuliman.

Na biyu, a ga gona da damina kafin a karɓe ta, domin gani ya kori ji. Da rani duk ƙasa kama ɗaya take. Da damina ne za ka ga inda ruwa ke kwanciya, da inda ƙuduji ya cinye dawa, da burtalin da shanu ke bi. Wanda aka nuna wa fili a bakin Farin Volta ya tambayi inda ruwa ke kaiwa, domin kusan kowace shekara, wajen Agusta ko Satumba, akan buɗe madatsar Bagre ta Barkina Faso, ruwa ya malalo ya shafe gonakin bakin kogi. Malamin gona na gunduma zai faɗa maka irin da ya dace da lokacin shuka.

Na uku, a fara da kaɗan, eka ɗaya ko biyu, na shekara ɗaya. A zaga iyaka tare da maƙwabtan gona huɗu, a faɗi shekaru da abin da za a riƙa bayarwa da hukuncin itatuwa a gaban shaidu daga ɓangaren mai gona da na zango, sannan a rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Babban gida ya sani, ƙannensa su sani, domin ranar da ya kwanta dama su za ka tarar.

Na huɗu, a zauna da mutane. A koyi gaisuwa da Kusal ko Dagbani ko Gwanja, ko da kowa na jin Hausa. A je jana'iza da suna, a fita gayya, a ɗauki 'yan ƙwadago daga cikin ƙauyen, a biya su a kan lokaci. Ranar da akuyar maƙwabci ta shiga gona, a kai ƙara wurin maigida, kada a ɗauki sanda. Kuma kada a sayar da gonar gado ta gida don an samu ta aro a waje.

Zangunan da muke gani yau daga Bawku har Salaga, da masallatansu da makarantun allonsu, baƙi ne suka kafa su, waɗanda suka zo da jaki da kanwa, suka yi sallama, aka ba su wuri, suka riƙe amana. Hanyar da suka bi tana nan, sai dai yanzu an ƙara mata takarda da hatimi. Allah Ya zaunar da Bawku da kewayenta lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu gama da masu masaukinmu lafiya, amin.